Auta da Gem ɗin da Ba a Turawa

A unguwar Abattoir ta garin Jos akwai wata yarinya 'yar aji shida na firamare. Tana da suna kamar kowa, amma ba mai kiranta da shi. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka Auta ake ce mata, har malamai a makaranta.

Babanta mahauci ne. Ummanta tela ce, a gida take ɗinki. Babbar ƙawarta kuwa ita ce Foluke. Tun aji ɗaya suke benci ɗaya. Tare suke zuwa makaranta, tare suke dawowa. In ka ga ɗaya ba ɗaya, to wata ba ta da lafiya.

Baban Foluke shi ne Oga Isiaka. Bayarabe ne, amma a Jos aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Yana da shago a bakin titi. Aikinsa turi ne. Ka kawo waya ko filash, ya tura maka fim, ko waƙa, ko wa'azi, ko bidiyon biki. A lungun shagon akwai talabijin biyu, kowace an haɗa ta da na'urar gem. Nan samarin unguwa ke cika suna ta ihu.

A wannan shekarar aka kawo wani sabon gem. Wata yarinya ce a ciki take hawan damisa, suna tsallake duwatsu da koguna. Sunansa na Turanci dogo ne, ba mai iya faɗa. Yara suka sa masa Damisa, shi ke nan.

Auta ta leƙa shi sau biyu daga bakin ƙofa. Kai, ranta ya biya! Amma Umma ta hana ta zama cikin samari a shago, kuma maganar Umma ɗaya ce.

Sai dabara ta zo mata. Da yayanta Sharafaddeen zai tafi bautar ƙasa, ya bar mata tsohuwar kwamfutarsa. Ai sai a tura mata Damisa ta yi a gida! Ko jira ba ta yi ba. Ranar Juma'a ta shaida wa 'yan matan ajinsu cewa mako mai zuwa kowa ya zo gidansu a hau damisa.

Ranar Asabar da hantsi ta ɗauki filash ta nufi shagon.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Auta. Yaya Umma da ɗinki?"

"Tana gaishe ka. Baba, Damisa nake so a tura min."

Oga Isiaka ya girgiza kai. "Ayya, 'yata. Wannan ba a turawa. Babu na kwamfuta."

Auta ta juya ta dubi talabijin. Ga damisa can tana tsalle, ga yarinya a bayanta. Ta sake duban Oga Isiaka.

"Baba, ai ga shi can."

"Wancan na na'ura ne. Na kwamfuta bai fito ba tukuna. Sai baɗi, in ma za su fitar."

"Su wa?"

"Masu shi mana."

Daidai nan wani mutum ya shigo da wayoyi uku a hannu yana sauri. Oga Isiaka ya juya wajensa. Auta ta tsaya da filash a hannu. Tambayoyi sun cika mata baki, amma samarin nan suna kallonta. Ta ji kunyar a ce ba ta gane ba. Sai ta yi sallama ta fita.

A hanya kanta ya ɗaure tamau. Fim ɗin Indiya na awa uku yana shiga filash ɗin nan. Bidiyon bikin ƙanwar Umma ya shiga, har da raye-rayen. Gem ɗin mota ma Oga Isiaka ne ya tura mata bara. To me Damisa ya fi su da shi? Kuma ta yaya abu zai fito, a ce bai fito ba?

Tana cikin wannan tunani ta haɗu da Datti, ɗan ajinsu. Datti kuwa bai taɓa rasa amsa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Ta ba shi labari.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke ma kin yarda? Ai ba abin da ba a turawa a duniyar nan. Wayo ya yi miki."

"Wane irin wayo?"

"In ya tura miki, ke ki tura min, ni in tura wa wani. To wa zai ƙara zuwa shagonsa? Ɓoyewa ya yi."

Wallahi sai Auta ta ji wani sanyi a ranta. Ashe ba ita ce ta kasa ganewa ba. Cutarta aka yi! Wannan amsa ta fi mata daɗi, don haka ta rungume ta hannu biyu.

Ranar Litinin da aka fita tara, 'yan mata suka kewaye ta. Chinonye ce ta fara tambaya.

"Auta, an tura? Yaushe za mu zo?"

Auta ta ji duk idanu a kanta. Ta ɗaga murya.

"Ba a tura ba. Baban Foluke ya hana. Yana da shi, ya ɓoye, ya ce wai babu. Rowa ce kawai da ƙarya."

Foluke tana tsaye a gefe da ƙosai a hannu.

"Babana ba ya ƙarya," in ji ta.

"To me ya sa ga gem a shagonsa, ya ce bai fito ba?"

Foluke ta dubi ƙosan da ke hannunta. "Ban sani ba," ta ce a hankali.

Aka kwashe da dariya. Datti ya hau buga benci yana rera, "'Yar mai rowa, 'yar mai ɓoyo!" Yara kuma kun san su da waƙar tsokana. Kafin a koma aji, har 'yan aji uku sun iya ta.

Foluke ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta kwashe littattafanta ta koma bencin baya. Da aka tashi, ita kaɗai ta tafi gida.

Auta ma ta tafi ita kaɗai. Hanyar ta yi mata tsawo. Ta riƙa ce wa kanta, "Ai gaskiya na faɗa." Amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Ranar Laraba Datti ya zo da wani abu a cikin littafin lissafi. Faifan Damisa ne, na ɗan kawunsa mai na'ura a gida.

"Yau za mu kama Oga Isiaka," ya raɗa mata. "In an shiga ɗakin kwamfuta, mu sa. Za ki ga damisa da idonki."

Haka aka yi. Malam Dantong, malamin kwamfuta, yana rubutu a allo. Auta ta zura faifan a hankali. Kwamfuta ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta yi shiru. Babu damisa, babu ko kyanwa.

"Wannan tsohuwa ce," in ji Datti. "Gwada waccan."

Suka gwada ta biyu. Ita ma haka. Suna ƙoƙarin ta uku sai suka ji inuwa a kansu.

"Me kuke cusa wa kwamfutocina?"

Malam Dantong ya karɓi faifan ya juya shi. Bai yi faɗa sosai ba. Ya dubi ajin gaba ɗaya.

"Ku saurara. Wannan faifan na na'urar gem ne. Ko shekara za ku yi kuna sa shi a kwamfuta, ba zai yi ba. Na kwamfuta daban ake yinsa, kuma na wannan gem ɗin ba a fitar ba tukuna. Ni kaina jira nake."

Auta ta dubi faifan da ke hannunsa.

"Malam, ko'ina babu? Ko a Legas?"

"Ko a ƙasar da aka yi shi babu."

Chinonye ta ɗaga hannu. "Malam, me ya sa?"

Malam Dantong ya dubi agogo, saura minti uku. Sai ya hau bayani da sauri. Ya ce na'urori iri ɗaya duk cikinsu ɗaya ne, amma kwamfutoci kowace da irin cikinta. Ya ce wani lokaci kamfanin na'ura yakan yi yarjejeniya da kamfanin gem a jinkirta na kwamfuta. Ya faɗi wasu kalmomin Turanci manya-manya. Aka kaɗa ƙararrawa.

"Kin gane, Auta?"

"Na gane, Malam."

Ina! Ba ta gane komai ba. Abu ɗaya kawai ya shiga kanta, shi ne Oga Isiaka gaskiya ya faɗa. Ta waiwaya ta dubi bencin baya. Foluke tana rubutu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Malam ya sa ita da Datti su share ɗakin kwamfuta. Suna shara ta ce masa, "Kai ka ce min ɓoyewa ya yi."

"Ni? Ai cewa na yi wataƙila," in ji Datti. Ya jefar da tsintsiya ya ruga.

Auta ta koma gida kanta ya fi na da ɗaurewa. To, babu na kwamfuta, ta yarda. Amma don me? Babanta bai taɓa ce wa mai sayen nama ya dawo baɗi ba. Ga mutane da kwamfuta suna so, ga mai kaya ya ƙi sayarwa. Wannan wace irin kasuwa ce? Ko dai Malam ma bai sani ba ne? Ko dai duk manyan sun haɗa baki?

Ta tarar da tsakar gida cike da atamfa. Umma ta karɓi ɗinkin ankon bikin wata Anti Firisila ta Anguwan Rukuba. Mata arba'in ne za su sa, duk atamfa iri ɗaya. Keken ɗinki yana ta ƙara.

Umma ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, ina Foluke? Yau kwana uku ban ji muryarta a gidan nan ba."

Auta ta hau wasa da bakin atamfa.

"Da ke nake."

Sai hawaye. Ta zauna a kan tabarma ta faɗi komai, tun daga filash har waƙar Datti. Ba ta rage ba, don Umma tana gane ragi.

Keke ya tsaya.

"Innalillahi. Mutumin da ya ɗauke ki a babur ya kai ki asibiti ranar da kika karye a hannu? Shi kika kira maƙaryaci a gaban yara?"

"Umma, ban san babu ba ne."

"Da ba ki sani ba, wa ya hana ki tambaya? Bakin da ya iya zagi bai iya tambaya ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Umma, har yanzu fa ban gane ba. Malam ya yi bayani, amma ban gane ba."

Umma ta sassauta. "To, yanzu kika yi magana. Ni ban san gem ba, ban taɓa riƙe shi ba. Amma faɗa min abin da malamin ya ce, mu ji."

Auta ta share hanci. "Ya ce wai na'urori duk cikinsu ɗaya ne. Wai kwamfutoci kuma kowace da nata."

Sai Umma ta yi dariya har da tafa hannu.

"Wannan ne ya hana ki sukuni? Ai wannan ɗinki ne! Tashi ki ɗauko min tef."

Auta ta ɗauko tef ɗin awo, tana mamaki. Me ya haɗa damisa da ɗinki?

Ba a jima ba aka yi sallama. Mata uku ne daga cikin masu anko suka zo awo. Ɗaya doguwa siririya. Ɗaya gajera mai jiki. Ta ukun tana da tsohon ciki.

"Yau Auta ce za ta auna ku," in ji Umma. "Ni zan rubuta."

Auta ta fara. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu. Sai da ta hau kujera kafin ta kai kafaɗar doguwar. Ta gama da ita, ta koma kan gajerar, komai ya canza. Ko lamba ɗaya ba ta zo daidai da ta farko ba. Ga mai ciki kuma tana cewa a ƙara mata, don kafin ranar biki cikin zai ƙaru.

Auta ta gaji. "Umma, haka za a yi wa mutum arba'in?"

"Haka za a yi."

"To ai atamfa ɗaya ce, ɗinki iri ɗaya. Me zai hana a yanka duka a kan awo ɗaya a huta?"

Matan suka bushe da dariya. Mai cikin ta dafa cikinta.

"Ni da wannan kayan zan shiga rigar waccan sandar rake? Yarinya, so kike a yi bikin da ni a ɗaki?"

Doguwar ta ce, "Ni kuma in sa taki, a ce labule na yafa."

Da suka tafi, Umma ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur. Rigunan filo ne da take ɗinka wa wani mai shago a kasuwa.

"Waɗannan guda nawa nake yankawa a lokaci ɗaya?"

"Kina jera yadi da yawa ki yanka gaba ɗaya."

"Na taɓa auna filo?"

"A'a. Ai duk girmansu ɗaya."

Auta ta tsaya. Ta dubi buhun, ta dubi tulin atamfa. Bakinta ya buɗe.

"Umma! Na'urar ce filo!"

"Kwamfuta fa?"

"Matan anko! Ta Yaya tsohuwa ce, ta makaranta daban, ta ofishin wani daban. Sai an yi wanda zai shiga kowace."

"To kin gani. In na yi gaggawa, riga ta yage wa mata a hammata ranar biki, wa za a zaga?"

"Ke."

"Masu gem ɗin ma ina jin zagin suke gudu. Sai su fara sallamar filo, su zauna su yi wa anko a tsanake."

Auta ta ji kamar an buɗe taga a kanta. Amma ba duka ya waye ba.

"Umma, Malam ya kuma ce wai masu na'ura suna sa a jinkirta na kwamfuta da gangan. Ko da an gama."

"Wannan ma na san shi. Kin tuna ɗinkin nan mai fiffike da na ƙirƙiro bara? Wata mai shago a kasuwar Taminus ta ce ita kaɗai zan yi wa har bayan Sallah, ta ƙara min a kan ladana. Duk mai so sai ta je shagonta. In ta je kuma, sai ta sayi takalmi da jaka."

"Shi ya sa kika hana Anti Hussaina da ta zo a yi mata irinsa?"

"Shi ya sa. Na ce ta jira bayan Sallah."

Auta ta ɓata fuska. "Amma Umma, wannan ai ba daɗi. Ita Anti Hussaina me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Kuma ban ce da daɗi ba. Kasuwa ce. Kina iya jin haushin masu gem ɗin, ba wanda ya hana ki. Amma faɗa min, a cikin duk wannan, ina laifin Isiaka?"

Auta ta girgiza kai. Babu.

Umma ta mayar da ƙafa kan keke. "A ina kika yi maganar?"

"A makaranta."

"Gaban mutum nawa?"

"Duk aji."

"To can za ki fara. Ba a ɓata mutum a kasuwa a ba shi haƙuri a lungu."

Washegari da safe, kafin a fara darasi, Auta ta nemi izini wurin malamar aji. Ta tsaya a gaban allo.

"Ranar Litinin na ce Baban Foluke ya yi ƙarya. Bai yi ba. Ni ce ban gane ba, na ji kunyar tambaya. Ni ce na faɗi abin da ba haka ba. Don Allah a daina waƙar nan. Foluke, ki yi haƙuri."

Wasu suka yi ƙus-ƙus. Datti ya sa kai a cikin jaka kamar yana neman biro. Foluke kuwa ta dubi taga.

Da aka tashi ta kama hanyar gida. Auta ta bi ta a baya, ba ta matsa kusa ba. Sai da suka wuce masu gasa masara sannan Foluke ta tsaya.

"Kin san abin da ya fi min ciwo?"

"A'a."

"Fisayo ya ji waƙar."

Fisayo ƙanin Foluke ne, shekararsa biyar, yana ajin rainon makarantarsu.

"Ranar Talata muna cin abinci ya ce, 'Baba, da gaske kai maƙaryaci ne?' Baba ya ajiye cokali, bai ƙara ci ba. Tun ranar Fisayo ba ya zuwa ya tare shi a ƙofa. Na ce masa ba gaskiya ba ne, ya ce ai Anti Auta ce ta faɗa, kuma Anti Auta ta fi kowa ƙoƙari a makaranta."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita a aji ta yi magana. Ba ta taɓa zaton za ta kai har kan kwanon abincinsu ba. Magana zarar bunu ce, yau ta ga haka da idonta.

"Mu je," ta ce. "Don Allah ki raka ni."

Suka tarar da Oga Isiaka yana goge talabijin. Fisayo yana zaune a kan benci a waje, ya juya wa shagon baya, yana wasa da murafan kwalba.

Auta ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, na yi maka laifi. Na ce ka ɓoye gem, na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe min."

Oga Isiaka ya ajiye tsumman gogewa.

"Ya yi min zafi, Auta. Ba zan ce bai yi ba. Amma tashi. Ni ma da na tsaya na yi miki bayani ranar. Yanzu kin gane?"

"Na gane na filo da na anko."

"Na me?"

Ta ba shi labarin awon da ta yi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ummanki ta fi ni iya bayani! Amma akwai saura. Masu gem tsoron irinmu suke ji, masu turi. Abin kwamfuta ya fi sauƙin kwafa. Mutum ɗaya ya saya, gari guda ya samu. Shi ya sa suke fara sayar da na na'ura. Wasu kuma so suke mutum ya saya sau biyu, bana na na'ura, baɗi na kwamfuta."

"Sau biyu? Abu ɗaya?"

"Wannan kam ni ma bai gama shiga kaina ba."

Auta ta yi mamaki. Babban mutum kamar Oga Isiaka, ya faɗi haka ko a jikinsa.

Saura aiki mafi wuya. Ta fita waje ta tsuguna a gaban Fisayo, har kansu ya zo daidai.

"Fisayo, ka tuna abin da na faɗa a kan Baba?"

Ya ɗaga kai.

"Ba gaskiya ba ne. Baba bai yi ƙarya ba. Ni ce na yi kuskure."

Yaron ya zuba mata ido. "Ke ce kika yi ƙarya?"

Kalmar ta yi mata nauyi.

"E. Ni ce."

"Ba Baba ba?"

"Ba Baba ba. Baba mai gaskiya ne."

Fisayo ya watsar da murafan kwalba. Ya diro daga benci ya ruga cikin shago yana ihu.

"Baba! Baba! Ashe ba kai ba ne!"

Ya rungume ƙafafun babansa ya ƙanƙame. Oga Isiaka ya ɗaga shi sama ya ɗora a kafaɗa. Ya juya fuskarsa wajen bango, ya daɗe bai juyo ba.

Auta tana tsugune tana kuka. Sai ta ji hannu a kafaɗarta. Foluke ce, ita ma idonta ya yi ja.

"Tashi mana, kina ɓata yunifom," in ji ta. "Gobe ki biyo min da wuri. Kuma ni ma sai kin koya min awon nan."

Auta ta tashi, ta riƙe hannun ƙawarta gam.

Yara, ga darasin a fili. In abu ya ɗaure muku kai, ba lallai ne wani ya cuce ku ba. Wataƙila akwai dalilin da ba ku sani ba tukuna. Ku tambaya, ku sake tambaya, har ku fahimta. Kada ku ɗora wa mutum laifi don ku rufe rashin saninku, domin maganar da kuka yi a aji tana iya isa har kunnen ƙaramin yaron da ke ganin babansa ya fi kowa a duniya.